Ganga a Filin Tanis

Tun da muka dawo daga Kano ban samu sukuni ba. A lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, abokan aikina ba sa bari in ajiye jaka sai sun tare ni: "Madam Rabi, wai da gaske har da ganga kuka tafi?" A gida kuma maƙwabta sun mai da tsakar gidana tasha, kowace ta zo da tambayarta, ta shanye mini fura ta yi gaba. Na gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta.

Ga wanda ba ɗan Bande ba, sai na fara da mahaifinmu. Sunansa Malam Idi, amma in ka nemi Malam Idi a kasuwa mutum bakwai za a nuna maka, gara ka ce Kututture kawai. Ɗan kokawa ne a zamaninsa. Daga Magariya har Dungas babu filin da bai kai ƙato ƙasa ba, kuma in tsautsayi ya zaunar da kai kusa da shi zai lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen iyayensu. Mu huɗu mata ya fara haifa, ni ce babba, sannan Allah ya kawo Mutari. Tun yaron yana rarrafe Baba ke matsa masa damtse yana gyaɗa kai.

Sai Mutari ya tafi kwalej a Damagaram. Can ya tarar da wani filin siminti da raga a tsakiya, inda ake bugun wata ƙaramar ƙwallo mai gashi da wani abu mai kama da rariya. Tanis ake ce wa wasan. Shekarar da ya cika sha takwas ya zo hutu ana kokawar kaka, Baba ya riga ya shelanta wa gari cewa ɗan Kututture zai shiga fili. Aka kaɗa masa ganga, aka kira sunansa sau uku, Mutari ya ƙi fitowa, wai yana da gasa a Yamai, yana tsoron wuyan hannunsa. Baba ya tsaya tsakiyar fili shi kaɗai, gari yana kallo.

Daga ranar bai ƙara yi wa Mutari magana baki da baki ba, shekara sha shida. Ba wai ya kore shi ba, a'a, ai Baba mutumin kirki ne. Tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci, sai ya waiwayo ya ce da ni, "Madam, gaya wa ƙanenki ya miƙo gishiri." Ni kuma in juya in ce, "Wai ka miƙa gishiri." Aikin da na yi ke nan ba albashi, ba hutun ƙarshen shekara.

A cikin shekarun nan Mutari ya zama zakara. Ya ci kofi a Yamai, ya ci a Kwatano, ya ci a Wagadugu, har jirgin sama ya hau saboda ƙwallo mai gashi. Muna jin sunansa a rediyo, Baba ya murɗa tasha. Kofin farko da ya aiko gida, Baba ya juya shi ya leƙa gindinsa, ya miƙa wa marigayiya Inna ya ce ta riƙa zuba barkono.

Bana, ana gama yankan gero, Mutari ya kira ni. Gwiwarsa ta hagu ta ƙare, likita ya ce sai aiki, bayan aikin kuma babu sauran wasa. Gasar da za a yi a Kano ita ce ta ƙarshe. Ya ce, "Yaya, sau ɗaya dai ya gan ni a fili. Ko bai ce komai ba." Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba, na kwana biyu ina juya maganar. Na san in na ce wa Baba ɗansa ne ke roƙo, ba zai motsa ba. Sai na same shi a zaure na ce, ai ga shi can wani ɗan Najeriya zai kara da ɗan Nijar a Kano, kuma an ce ɗan Nijar ɗin ba shi da kowa a bayansa. Baba ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Ba don ƙanenki zan je ba," in ji shi. "Don ƙasa zan je. A aika Dungas a kira mini Manzo."

Manzo shi ne makaɗinsa tun suna samari. Na ce, "Baba, anya ana shiga wurin nan da ganga?" Ya yi mini kallon da yake yi wa duk wanda ya yi boko. "Ke kin taɓa ganin namiji ya shiga fili ba kiɗa? Sai ka ce mai zuwa jana'iza?" Washegari sai ga Manzo a bayan kabu-kabu, shi da gangarsa, haƙoransa uku, yana murna za shi Kano.

Motar da muka samu daga Bande zuwa Magariya an ƙera ta don mutum biyar, mu tara muka shiga, ban da akuya. Direba ya ce a ɗaure ganga a sama tare da buhunan wake. Manzo ya rantse gangar da ta yi wa Kututture kiɗa ba za ta hau kan wake ba. Aka yi ta cacar baki har fasinjoji suka rabu gida biyu, daga ƙarshe aka yi sulhu irin wanda ake yi kullum, wato aka ɗora wa mace. A cinyata ganga ta yi tafiyar, duk ramin da muka faɗa sai ta daki haɓata.

A kan iyaka, bayan Tinkim, wani mai kaki ya karɓi takardunmu. Nawa lafiya, na Baba lafiya. Da ya zo kan kartidantite ta Manzo, wato katin shaidarsa, sai ya tsaya, ya dubi hoto, ya dubi Manzo, ya sake duban hoto. Mutumin da ke cikin hoton yana da gashi da haƙora cikakku.

Ya ce da Manzo, "Tsoho, wannan ɗanka ne?"

"Ni ne, yallaɓai. Duniya ce ta taɓa ni."

Na fara shirin kwana a wurin, sai mai kakin ya tambayi ina za mu. Baba ya ce, "Kano, kokawa. Ni ne Kututture na Bande." Ashe kakan mutumin ɗan Mallawa ne, can yankinmu, ya tashi da jin sunan. Nan take ya miƙe ya kawo wa Baba kujera. Da na san abin da zai biyo baya da na gwammace a tsare mu, don Baba ya kwashe kusan awa guda yana kayar da mutanen da suka daɗe da rasuwa, Manzo yana taɓa ganga a duk faɗuwa, direbanmu yana ta danna oda. Aka sallame mu da girma, har da rakiya zuwa mota.

Daga Babura zuwa Kano kwalta ce, sai dai direban da muka samu ya ɗauka gasa ce shi ma. Mutanen can Hausarmu ɗaya, illa dai duk kalma uku sai sun jefa Turancin Ingila ɗaya, su kuma suna yi mana dariya in mun ce lakwal. Wata mata a motar ta tambaye ni ko a Nijar muna da wuta. Na ce mata a'a, da hasken wata muke guga. Ta ce, "Ayya, sannunku," har cikin ranta.

Mutari ya tare mu a tasha da la'asar. Ya rame, yana ɗingishi kaɗan yana ɓoyewa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, na ga yadda ya cije leɓe kafin ya miƙe. Baba ya dubi wani shago da ke can gefe ya ce, "Madam, gaya masa mun iso lafiya." Na gaya masa. Mutari ya ce, "Yaya, ki ce na gode da zuwa." Na ce. Haka muka ci gaba har cikin keke mai ƙafa uku da ya ɗauko mu, direban yana ta leƙenmu ta madubi, ya kasa gane wane ne kurman a cikinsu.

Masaukin da Mutari ya kama mana otal ne mai hawa huɗu. Ƙofar ɗaki ba ta da makulli, wani ɗan kati ake nuna mata ta buɗe. Manzo ya fita neman buta, ƙofa ta rufe, ya tsaya yana yi mata sallama. Ɗakin su Baba kuwa sanyi kamar cikin randa, don wata na'ura a bango tana ta hura iska. Baba ya taɓa katifa ya ji hannunsa ya nutse, ya ce wannan gadon masu jinya ne, ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa. Da safe aka ce mu sauko karin kumallo. An jera tukwanen ƙarfe masu murfi, kowa ya ɗebi abin da yake so da kansa, babu mai ce maka bismilla, babu mai ce maka ƙara. Manzo ya zagaya sau huɗu don kada a ce ya raina abincin mutane. Baba ya ɗaga ɗan ƙunshin shayi ta zarensa ya ce, "Shayin ma laya suka yi masa." Ya fito da ƙullin furarsa ta Bande ya dama a kofin otal.

Kwana biyu muka yi kafin wasan ƙarshe, don sai da Mutari ya fitar da mutum biyu. Baba ya ƙi zuwa waɗannan, ya ce shi ba ya kallon share fage. Ranar wasan ya ciro wani tsohon guru daga aljihu, wanda ya ɗaura a duk kokawarsa, ya miƙo mini. "Gaya masa ya ɗaura a ƙugu." Mutari ya karɓa hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa. Baba ya ce in tambaye shi me ya ci. Aka ce ayaba biyu da taliya. Baba ya ce, "Inna lillahi. Za a yi kisa a Kano."

Filin wasan yana cikin wani kulob mai itatuwa. 'Yan kallo ba su fi na ɗaurin aure ba, kowa da tabarau da gorar ruwa, suna zaune a jere kamar masu jiran likita. Mai gadi ya dubi gangar Manzo, Manzo ya ce kayan sawarsa ne a ciki, aka bar mu. Alƙalin wasa yana can saman wata doguwar kujera mai tsani. Baba ya ce tun da yake bai taɓa ganin alƙalin da ke tsoron 'yan wasa har ya hau sama ba.

Abokin karawar Mutari yaro ne ɗan Legas, shekararsa ashirin da ɗaya, dogo, ƙafafu kamar na barewa. Suka fito cikin fararen kaya, ba kirari, ba tsalle, ba wanda ya watsa wa wani ƙasa. Har gaisawa suka yi suna murmushi. Lissafinsu kuma, ni da na shekara ashirin ina koyar da lissafi ban gane masa ba. Ka ci ɗaya a ce sha biyar, ka ƙara a ce talatin, ka ƙara a ce arba'in. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan da ya sha jan biro. In ƙwallonka ta taɓa raga ta faɗa wa abokin gaba ka ci, sai ka ɗaga hannu ka ba shi haƙuri. Baba ya ce, "Haƙurin me? Ba cin ya zo yi ba?"

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, a wasan nan shiru ake yi. Da zarar ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo, ko tari ba a so. Mutari ya ci zagayen farko da wani bugu da ban ma ga wucewarsa ba, mutane suka tafa a hankali kamar masu kore sauro. Baba ya ga wannan wulaƙanci ya yi yawa, ya taɓa Manzo da gwiwar hannu. Daidai lokacin da ɗan Legas ya jefa ƙwallo sama zai buga, Manzo ya saki ganga, ya buɗe baki:

"Ɗan Kututture! Na Bande ba ka da tsoro! Taka shi, ubanka ya taka ubansa!"

Ɗan Legas ya zabura, ƙwallo ta sauko masa a ka. Wata Hajiya a gabanmu ta watsar da ruwanta. Fili duka ya juyo, alƙali ya yi magana a lasifika cikin Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada mu ce ba mu ji ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutari kuwa ya ɗaga hannu ya ba yaron haƙuri, ya ba alƙali haƙuri, amma na ga kafaɗunsa suna rawa, dariya yake dannewa. Masu gadi biyu suka zo da ladabi suka raka Manzo da gangarsa bakin ƙofa. Yana tafe yana cewa, "To ku gaya mini, wa ya mutu?"

Baba ya yunƙura zai bi shi. Na riƙe masa riga, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce, "Baba, in ka fita, ɗan Nijar ba shi da kowa." Ya zauna yana huci. Ga shi ba kiɗa, ga shi an hana shi magana, ba abin da ya rage masa sai kallo.

Can cikin zagaye na biyu na ji ya daina huci. Ya sunkuyo gaba, ya dafa gwiwoyinsa. Ɗan Legas ya canza salo, sai ya ɗan sako ƙwallo kusa da raga, Mutari ya rugo, sai ya cilla ta can baya, Mutari ya koma. Baba ya raɗa mini, "Yaron nan ya gano ƙafar hagu. Ita yake nema." Ban gaya masa zancen gwiwa ba, ko sau ɗaya. Ya ƙara da cewa, "Haka na yi wa wani ɗan Dungas," amma a karon farko a rayuwarsa bai ƙarasa labarin ba.

Ɗan Legas ya ci na biyu. A na uku rana ta take, rigar Mutari ta manne masa a jiki. Ya bi wata ƙwallo gefen hagu, ƙafar ta ƙi, ya zube a kan simintin nan har muna jin ƙarar. Baba ya miƙe tsaye ya gyara hularsa, don a wurinsa magana ta ƙare, wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kayar da shi, sai a tafi gida. Na ce, "Baba, nan ba haka ba ne. In zai iya tashi, sai ya ci gaba."

"Ya ci gaba? Da wannan ƙafar?"

Mutari ya dafa raket ɗinsa, wato rariyar nan ta bugu, ya tashi. Wani mai jakar magani ya zo ya naɗe masa gwiwar, alƙali ya tambaye shi ko zai haƙura, ya girgiza kai. Ya ɗago ya dubi inda muke, ba ni ya duba ba. Daga nan ya yi kusan rabin awa yana wasa da ƙafa ɗaya da rabi. Ya sake faɗuwa sau biyu, yana tashi. Masu tabarau suka manta da tarbiyyarsu suka fara ihu, har Hajiyar nan tana cewa, "Kai, Allah ya isa, ku bar bawan Allah ya huta!" Baba bai zauna ba, na bayanmu suna ta roƙonsa, bai ma san suna yi ba. Ni kam kuka nake yi, ba na ɓoyewa, don ƙanena ne, ni na goye shi.

An cinye shi. Bugun ƙarshe ya wuce ta hagunsa, ya bi shi da ido kawai. Ya ɗingisa zuwa raga ya rungumi yaron, aka ba ɗan Legas kofi, aka ba Mutari wani faranti, aka yi jawabai masu tsawo a kan shekarun da ya yi yana wasa. Ban fassara wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba.

Muka same shi a wani ɗan ɗaki bayan fili, zaune kan benci, an ɗora masa ƙanƙara a gwiwa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa don gaisuwa, ya kasa. Ya ce, "Yaya, ki ba shi haƙuri. Ya yi doguwar tafiya ya zo ya ga an kayar da ni."

Ban kai ga buɗe baki ba na ga Baba ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, a gaban ɗansa. Ya ture ƙanƙarar gefe, ya warware naɗin, ya kama gwiwar da hannu biyu. Ta kumbura ta yi suntum, ga tabon allurai ko'ina. Ya bi ta da babban yatsa a hankali, yadda tsofaffin 'yan kokawa ke lalubar targaɗe, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tun yaushe take haka?" in ji shi.

Sabo ya sa na juya wajen Mutari na fara, "Wai tun yaushe..."

"Madam," in ji Baba, bai ko waiwayo ba, "wa ya sa da ke? Da ɗana nake magana."

Haka aka sallame ni daga aikin shekara sha shida, ba ko na gode. Na ɗauki jakata na nufi ƙofa. Ina jawo ta na ji Mutari yana cewa, da wata murya da rabona da ita tun yana yaro, "Shekara shida ke nan, Baba."

Baba ya ce, "Shida. Kai kaɗai. Miƙo ƙafar sosai, Mutari."